Wasiƙa zuwa ga ɗana da aka liƙa wa anini

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan gida sai godiyar Allah. Hotonka na ranar da aka liƙa maka anini a kafaɗa ya iso, mahaifiyarka kuwa duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Ni da na ji ka ce za a danƙa maka mutum talatin da 'yan kai, daren nan barci bai ɗauke ni ba. Na yi shekaru ina koyar da tarihi, kuma akwai darasin da kullum nake wucewa da sauri a aji saboda ƙarancin lokaci. Yau kai zan ba shi a tsanake.

A ƙarshen 1914, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila da na Faransa suka kasa ture na Jamus, su ma Jamusawa suka kasa ture su, sai kowa ya haƙa rami ya shige. Ramukan nan sun miƙe tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar kilomita wajen 700, kuma a ciki aka shafe kusan shekara huɗu. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi, an jera buhunan ƙasa a bakinsa, gabansa waya mai ƙaya, gaban wayar kuma filin da ba mai taka shi da rana. Kafin gari ya waye kowa zai miƙe da bindiga da banati yana jiran hari, haka ma da almuru. In an wanye lafiya a sha shayi, a buɗe naman gwangwani, a jiƙa biskit don haƙori ba ya iya fasa shi. Ruwan sha sau da yawa a galan ɗin fetur ake kawo shi, da warinsa ake haɗiya. Da rana ba mai ɗaga kai, domin akwai maharbi a can yana jira. Aiki sai dare: gyaran rami, ɗaukar kaya, gyaran waya, kwaso waɗanda aka harba. Ga kwarkwata a jikin kowa, har sukan kunna kyandir su bi ɗinkin riga da shi. Ga ɓeraye da suka ƙoshi da gawa suna bi ta kan mai barci. Bayan 'yan kwanaki a janye su baya su huta, sannan a sake maido su.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne maganar ƙafa. Ƙasar can ruwa ne da laka da sanyi. Soja ya kwana biyu ko uku tsaye cikin ruwa da takalmi a ɗaure, sai ƙafar ta mutu, ta kumbura, ta canza launi, in abin ya yi nisa ta ruɓe a yanke ta. A sanyin farko na yaƙin, dubban mutane aka kwashe zuwa asibiti ba tare da harsashi ya taɓa su ba. Maganin da aka samo kuwa ba shi da tsada: busasshiyar safa, da shafa wani mai da ake samu daga kitsen ƙaton kifin teku, da haɗa sojoji biyu-biyu kowa ya kula da ƙafar ɗan'uwansa, domin wanda ya gaji zai yi sakaci da tasa amma zai ji nauyin sakaci da ta abokinsa. Aka kuma ɗora wa ƙananan hafsoshi irinka su riƙa sa kowa ya cire takalmi su duba da idonsu. Inda hafsa ya tsaya a kan haka, cutar ta ragu ƙwarai. Don haka ɗana, kada ka ga aninin nan ya hana ka durƙusawa gaban farabiti ka duba ƙafarsa. Ka san wanda bai ci abinci ba, da wanda bai yi barci ba, da wanda albashinsa bai shigo ba. Kada ka ci sai sun ci.

Ranar 1 ga Yuli 1916 aka fara yaƙin kogin Somme a Faransa. An yi mako guda ana luguden igwa a kan ramukan Jamusawa, harsashi wajen miliyan ɗaya da rabi, manya suka tabbatar wa yara cewa ba abin da ya rage a can. Ashe Jamusawa suna can ƙarƙashin ƙasa cikin ramuka masu zurfi, wayar ma a wurare da yawa ba ta yanke ba. Akwai waɗanda suka leƙa da dare suka ga haka, suka kai rahoto, ba a sauya shiri ba. Ƙarfe bakwai da rabi na safe aka busa usur, sojoji suka fito kowa da kaya wajen kilo 30, mashinga ta tare su. A yini ɗaya rundunar Ingila ta yi asarar mutum 57,470, a ciki 19,240 sun mutu. Wata bataliya daga garin Accrington na Ingila, abokai da maƙwabta da suka shiga soja tare, su kusan 720 suka fita, 584 aka kashe ko aka raunata. Ka ɗauka unguwarmu ce, a ce kusan kowane gida ana zaman makoki a mako ɗaya. Duk da haka Janar Haig, babban kwamandan sojojin Ingila a can, ya ci gaba har tsakiyar Nuwamba, ƙasar da aka ci kuwa ba ta wuce kilomita goma ba. A ƙauyen Thiepval, cikin filin da aka yi wannan yaƙi, akwai ginin tunawa mai sunaye sama da 72,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Wannan ya sa nake roƙonka abu biyu. In sajenka ya ce maka ya ga abu da idonsa, ka saurare shi, ya riga ka shiga daji. In kuma kai ka ga abin da ya saɓa wa shirin da aka ba ka, ka faɗa wa na sama da kai cikin ladabi, ka maimaita, ko da ba za a so ji ba. Bin umarni wajibi ne a aikinka, amma rahoton ƙarya don a faranta wa babba cin amanar yaran da ke bayanka ne.

Masu muƙaminka a yaƙin nan su ne kan fara fita daga rami, shi ya sa mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Su ne kuma ke zama da dare su rubuta wa uwa cewa ɗanta ya rasu. Ka san sunan kowane yaronka da garinsu tun yanzu. Akwai kuma waɗanda rugugin igwa ya taɓa wa hankali, suna karkarwa, wasu maganarsu ta ɗauke. Da yawa an ɗauke su matsorata. Sojoji 306 rundunar Ingila ta harbe cikin nata bisa laifuffuka irin su gudu da tsoro, sai a 2006 gwamnatin Ingila ta yafe musu. In ka ga jarumin yaronka ya sauya, ya daina magana ko yana firgita cikin barci, kai shi wurin likita kafin ka yi maganar horo.

Mahaifiyarka ta haɗa maka kilishi da safa ƙafa shida, za a ba direban da zai taso ranar Asabar. Ta ce ka kira ta ko da minti biyu ne duk Juma'a. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe sallarka a kan lokaci duk inda aka tura ka. Allah ya tsare ka, ya tsare waɗanda ke hannunka, ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.