Wasiƙa ga Edita: Iyayen Yelwa ku zo ku ga wasan da muke yi a zaure

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya tsaya min a rai tun sati biyu da suka wuce, ranar da kawun ɗaya daga cikin yaran da muke zama da su ya leƙo zaurenmu a nan Yelwa, Bauchi, ya ga takardu da fensir da ƙwaya mai kama da ta ludo a kan tabarma, bai tambayi komai ba ya ce wa yaron tashi mu tafi, daga baya sai na ji ana cewa wai caca nake koya wa yaran unguwa, wasu ma suka ce tsafi ne. Wallahi abun ya min ciwo amma ban ga laifinsa ba, duk uban da ya ga ƙwaya a gaban ɗansa dole hankalinsa ya tashi.

Wasan sunansa Dungeons & Dragons, wasu Amurkawa biyu Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro shi, kamfanin TSR na jihar Wisconsin ya buga shi a 1974, daga baya a 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR ɗin. A 2014 sun sa taƙaitattun dokokinsa kyauta a intanet, su na sauke na kai shagon kwamfuta aka buga min. A taƙaice tatsuniya ce wadda masu sauraro su ma suna cikinta. Mutum ɗaya shi ne mai jan labari, a wajenmu ni ne, sauran kowa yana da jarumi ɗaya da takardar da aka rubuta masa abubuwa shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, hikima da kwarjini. Sai in ce toh ga ku a bakin ganuwa da daddare an rufe ƙofa, me za ku yi? Idan yaro ya ce zai haura, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20, a ƙara makin ƙarfinsa, idan abu mai sauƙi ne ana neman 10, matsakaici 15, mai wuya 20. Yaron da yake da ƙarin 3 ana neman 15 sai ka ji shi yana lissafi da bakinsa cewa 12 yake buƙata ko sama, wato lambobi 9 cikin 20 ne za su ba shi nasara. Ko sisi ba a sawa, babu wanda ya ci babu wanda aka cinye, duk ɓangare ɗaya suke.

Na san akwai maganar malamai a kan wasa da ƙwaya kuma ban raina ta ba, tun ranar na ajiye ƙwayar, na yanka takardu 20 na rubuta 1 zuwa 20 na zuba a hula, a zara a duba a mayar. Batun tsafi kuwa gaskiya ne littattafan Turawan akwai gumaka da matsafa a ciki, ko a Amurka iyaye sun yi ta ƙorafi a shekarun 1980 har kamfanin ya cire kalmomin shaiɗanu a bugun 1989. Amma dokar wasan da kanta ta ce mai jan labari shi ne da magana ta ƙarshe, zai iya cirewa zai iya ƙarawa, ni kuma na cire. A zaurenmu fatake ne da madugu da 'yan fashi da Dodo da wayon Gizo, irin abun da kakanninmu suka ba mu a tsakar gida.

Abun da nake so iyaye su fi sani shi ne maganar hali, don nan ne wasan ya kama ni. A takardar kowane jarumi akwai wajen da ake rubuta halinsa. A bugun farko na 1974 kashi uku ne kawai, mai bin doka, mai tawaye, da ɗan ba ruwana, daga baya aka ƙara nagari da mugu sai ya zama gida tara. Ƙanina ya zaɓi barde mai rantsuwa, wanda suke ce wa Paladin, ya rubuta nagari mai bin doka. Wata Asabar suka kama ɗan fashi ɗaya da ya tare ayarinsu, mutumin ya yar da takobi ya durƙusa yana roƙo, sai ƙanin nawa ya ce shi fa kashe shi zai yi ya kwashe jakar kuɗin. Nan take na ce ba za ka iya ba, takardarka ta ce nagari ne kai. Ya ce toh in takarda ce za ta yi wasan shi me ya zauna yi, ya tashi ya fita, sati biyu bai dawo ba.

Na daɗe ina tunanin wannan maganar tasa kuma na yarda nawa ne kuskuren. Na ƙwace masa zaɓi, alhali zaɓin shi ne wasan gaba ɗaya. Ko a tsoffin dokokin ba a ce barde ba zai iya aikata mugunta ba, cewa aka yi idan ya aikata da gangan zai rasa baiwarsa, kenan an bar shi ya yi sannan ya ɗauki abun da ya biyo baya. Da ya dawo na ba shi haƙuri a gaban kowa muka koma inda labarin ya tsaya na ce hannunka ne, ya ce ya kashe, na ce shikenan ya mutu. Ban yi masa wa'azi ba ko kalma ɗaya. Amma da suka shiga gari na gaba sai suka tarar da wata tsohuwa a bakin rijiya tana tambayar kowane ayari ko sun ga ɗanta, ta kwatanta rigarsa, madugu ya kalli barden ya kau da kai, washegari ya ce ba zai sake tafiya da mutumin da ke kashe wanda ya miƙa wuya ba. Zauren ya yi tsit, yaron nan mai shekara 15 ya sunkuyar da kai ya daɗe, can sai ya tambaye ni a hankali ko jarumin nasa zai iya zuwa ya faɗa wa tsohuwar gaskiya ya biya diyya. Zama uku muka yi a kan wannan tafiyar biyan diyya kuma su da kansu suka yi ta musu ko kuɗin sata ya halatta a biya da shi, ni dai ina zaune ina ji.

Akwai kuma ɗaya matsalar, wani yaron ya rubuta ɗan tawaye ba ruwansa da kowa, sai ya riƙa sace kayan abokan tafiyarsa in an yi magana ya ce ai haka halin jarumina yake. Wannan ban bari labari ya hukunta shi ba, don waɗanda yake ɓata wa rai mutane ne na gaske da ke zaune kusa da shi. Na ja shi waje bayan an tashi na ce kai ka rubuta halin nan da fensirinka kuma kai za ka iya gogewa. Tun daga nan kafin mu fara sabon labari sai mun zauna mun yi sharaɗi, ba cin amanar abokin tafiya, ba zagi, ba batsa, an kira sallah an tashi.

Ni ma akwai abun da na ɗora wa kaina, a gabansu nake zarar lambata ba na ɓoyewa, ko da kuwa jarumin ƙaramin cikinsu ne zai faɗi, don ranar da suka gane ina murɗiya ba za su sake yarda da hukuncina ba.

Roƙona ga kawun yaron nan da sauran iyaye shi ne su zo su zauna su ji da kunnensu, in sun ga abun da bai dace ba su faɗa min a gaban yaran zan cire. Ranar Asabar bayan La'asar muke zama mu tashi kafin Magariba, takardar yaron tana nan na ajiye masa a cikin littafin.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Yelwa, Bauchi