Rahoton Shekara Ga 'Yan Ƙungiya: Bana Tun Rani Za Mu Tari Ruwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa na gida, da waɗanda neman abinci ya kai Kano da Legas, da wannan rahoto zai iske ta WhatsApp.

Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta muku shi kwabo da kwabo. Nawa shi ne abin da muka yi da hannunmu a shekarar da ta ƙare, da abin da shugabanni ke roƙon ku amince mu sa a gaba.

Mun share maƙabarta, mun toshe inda dabbobi ke kutsawa. Mun gyara famfon tuƙa-tuƙa na bakin firamare, yara sun daina tsallaka titi neman ruwa. Dashen dogon yaro kuwa bai yi albarka ba, domin mun dasa ba mu killace ba, awaki suka cinye mafi yawa. Matan ƙungiya su ne suka fidda mu kunya. Daga Yuli zuwa Oktoba, duk watan da ma'aikatan lafiya suka zagayo da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, su ke bin gida-gida. Maganin na kwana uku ne. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, sauran biyun a hannun uwa ake bari, kuma a nan ne ake yawan mantawa. Su suka riƙa komawa suna tuni. Allah ya saka muku da alheri, iyayenmu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a aikin ambaliya mun makara. Sai da marka ta kankama, ruwa ya taɓo bayan gari, sannan muka fita da fitilu cikin dare muna cusa laka a buhu. A lokacin buhun ya yi tsada, busasshiyar ƙasa babu, masu ƙarfinmu kuma kowa na can yana ƙoƙarin ceto shinkafarsa a fadama. Jingar da muka ɗaga cikin gaggawa ta ɓalle ta gefen yamma. Na tsaya a gidan wata dattijuwa ina kallon ɗakinta na ƙasa yana narkewa, rumbunta a ciki. Har yau abin bai bar zuciyata ba, don ba ruwan ne ya zo mana ba-zata ba. Mun ga na 2020, mun ga na 2022 da ya ci gonaki da garuruwa tun daga Ringim da Miga har Auyo, Kafin Hausa da Guri. Mu ne muka zauna jira.

Ina so matasanmu su fahimci abin da ya sami Kogin Hadejia. Dattawa za su gaya muku a da idan rani ya yi nisa, yashi ake takawa a tsallaka. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano inda ruwan kogin ke fitowa, ruwa ya koma gudana rani da damina. Wannan ya kawo mana noman rani na shinkafa da alkama, ba mu raina ba. Amma kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ba ta son komai kamar ruwan da ba ya ƙafewa. Ta cika hanyoyin ruwa, saiwarta na tare laka da yashi, kogi na ƙara cikewa, har ya zama idan ruwan sama ya haɗu da wanda ya gangaro daga Kano ba shi da wurin bi sai gonaki da gidaje. A cikin kacalar kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, da asuba su sauka a kan shinkafa, ga sauro.

Babban kogi ya fi ƙarfin lauje, aikin injin gwamnati ne, kuma za mu rubuta takarda ta hannun Dagaci da Hakimi mu nema. Amma ƙananan magudanan da ke zagaye da garin nan namu ne. Saboda haka babban aikin bana shi ne gayya duk ranar Asabar, tun daga yanzu har faɗuwar ruwan farko. Za mu fara da yankan kacala, kuma a yanke ta ƙasa da saman ruwa, don wadda aka datse a nutse ba ta saurin tofowa kamar wadda aka sare daga sama. Daga nan mu koma jinga: a ɗauko ƙasa tun tana bushe, a zuba, a daddaɓe, a bar ta ta zauna kafin bazara ta wuce. Buhuna za mu saya yanzu bayan kaka da suke da araha, mu ajiye. 'Yan'uwa na birni, ba mu ce ku baro sana'arku ba. Kuɗin shebur, baro, takalman roba da abincin 'yan gayya muke nema a wurinku. Takalman ba ado ba ne, akwai maciji a cikin kacala, kuma ruwan kwance na sa tsargiya.

Na biyu, jini. Sau da yawa akan kai mai naƙuda asibiti cikin dare tana zubar da jini, a ce a kawo mai bayarwa, dangi su tsaya kallon juna. Gobarar tankar mai ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura, a Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta nuna wa duk Jigawa yadda asibiti ke neman agajin jama'a a dare ɗaya. Muna so duk ɗan ƙungiya mai lafiya ya je a gwada rukunin jininsa, mu rubuta a littafi tare da lambar wayarsa. Namiji lafiyayye na iya bayarwa duk bayan wata uku, jiki na mayar da abinsa. Direbobinmu kuma za su raba kwana, ungozoma ta san wanda za ta buga wa waya, man mota daga asusu.

Domin waɗannan biyun su samu, shugabanni sun ba da shawarar a jingine gasar ƙwallo da ɗinkin riguna masu tambari sai baɗi. Na san matasa ba za su ji daɗi ba, nima ina son ƙwallon. Bishiya kuwa za mu dasa daidai wadda za mu iya killacewa, kowace da mai ba ta ruwa.

Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji. Sannan roƙon da muke yi kullum: duk mai hular jam'iyya ya bar ta a gida ranar gayya. Idan taro ya amince, Asabar mai zuwa bayan sallar asuba za mu haɗu a ƙofar gidan Dagaci, kowa da laujensa, mu fara da magudanar yamma inda jinga ta ɓalle.

Naku,
Sakataren ƙungiya