Yauƙin jikin tarwaɗa shi ne garkuwarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina kiwon tarwaɗa a tankunan siminti a bayan gari, kuma ina roƙon fili in yi magana da 'yan'uwana masu wannan sana'a kan abin da ke cin jarinmu.

Da zarar kifi ya fara gyambo ko kumburin ciki, ko gashin bakinsa ya fara zagwanyewa, sai a garzaya kemis a sayo oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a zuba a ruwa. Ba mu cika tambayar ta ina cutar ta shiga ba. Ƙwayar bakteriyar da ake kira Aeromonas hydrophila, wadda ke yawan kawo gyambon nan, dama tana zaune a ruwa ko da kifi na cikin ƙoshin lafiya. Abin da ke tsare shi shi ne yauƙin nan mai santsi da ke rufe fatarsa da wurin numfashinsa. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, yauƙin ne rigarta. A cikinsa akwai sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta, kuma kullum yana sabuntuwa yana zubar da abin da ya manne masa.

Mu ne muke yaga wannan riga da hannunmu. Ranar ware manya daga ƙanana, yara su kwaso kifi da raga mai kaushi, su jibge a busasshen baho, wani ma ya kama da tsumma don kada ya suɓuce masa. Wallahi wannan tsumman yana ɓata min rai. Ga cunkoso, ga yunwa da ke sa su cizon juna, ga ruwan da kashi da ragowar abinci suka ruɓe a ciki har yana wari. Bayan 'yan kwanaki a ga gawa tana tasowa, a ce mai ƙyanƙyasa ya sayar da mugun iri.

A jihar Alabama ta Amurka, wani mugun nau'in wannan ƙwayar ya yi wa manoman tarwaɗa ɓarna mai yawa a 2009. Masu bincike a garin Auburn sun gwada, suka ga kifin da aka ji wa rauni a fata ya fi saurin kamuwa da mutuwa nesa ba kusa ba.

Ni dai ina jiƙa hannu da baho kafin in taɓa kifi, ina yin aikin ware kifin da sanyin safiya, in hana su abinci tun daren jiya, sannan in sa gishiri kaɗan a ruwa bayan an gama. Maganin kemis kuma sai likitan dabbobi ya duba, domin yawan zuba shi na sa ƙwayoyin su daina jin magani, ragowarsa kuma ta tafi cikin mai cin kifin.

Ina kira ga cibiyar binciken kifi ta New Bussa da malaman gona na jihohinmu su kawo mana wannan ilimi da Hausa a rediyo, musamman kafin hunturu, lokacin da sanyi ke raunana kifi.

Naku,
Mai kiwon tarwaɗa daga Zariya