Wasiƙa daga gindin dutsen Alpe d'Huez

Girenobul, Faransa
Juma'a, 15 ga Yuli, 2022

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da su Baba da Hajiya. Ina yi maka barka da Babbar Sallah, ko da yake ta wuce da 'yan kwanaki, kuma ina tambayar yadda damina take a wajenku, domin mu a nan zafi ne ake yi irin wanda ban taɓa zaton ana yinsa a ƙasar Turawa ba.

Dalilin rubuto maka wannan doguwar wasiƙa shi ne tsohuwar gardamar nan tamu. Ka tuna lokacin da na fara ba ka labarin tseren keke na Tour de France, ka yi dariya ka ce kai ba ka ga abin kallo ba a wajen ƙarti suna murza feda daga hantsi har la'asar, tun da mu ma mun murza a kan tsohon Raleigh na Baba ba wanda ya ba mu ko sisi. To jiya Alhamis na je na gani da idona, kuma ƙafafuna har yanzu ba su yafe mini ba.

Bana ake yin gasar karo na 109, tun daga farkonta a 1903. An tashi daga Kofanhegan ta ƙasar Denmak ranar 1 ga wata da mahaya 176, ƙungiyoyi 22 masu mutum takwas-takwas, kuma za a ƙare a Faris ranar 24 bayan zango 21. Na jiya shi ne zango na 12, mai nisan kilomita 165 daga garin Briançon zuwa ƙolin Alpe d'Huez, ya kuma faɗo a ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasa ta Faransawa, don haka kowa yana hutu, kowa ya nufi dutse. Kafin mahayan su iso inda muke sai da suka haye Galibier, wanda tsayinsa ya kai mita 2,642 daga doron teku, wato ya ninka tudun Jos har da ɗoriya, suka gangara kwari, suka sake hawa Croix de Fer na tsawon kilomita 29, sannan suka zo ga hawan ƙarshe. Ka ƙaddara Hawan Kibo, inda muka taɓa ganin tirela tana nishi kamar za ta koma da baya, a ce an miƙe shi ya yi kilomita 13.8 ba sassauci, ana ƙaruwa da kimanin mita takwas a sama cikin kowace mita ɗari, sannan a ce mutum ya hau shi a kan keke bayan ya riga ya yi awa huɗu a kan sirdi.

Wani dattijo Bafaranshe maƙwabcina ne ya ɗauke ni a motarsa tun da asuba. Daga Girenobul zuwa Bourg d'Oisans, garin da ke gindin dutsen, tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka, amma da muka isa mun tarar jandarmomi sun rufe hanyar hawa ga motoci, sai ƙafa ko keke. A nan na yi wautar da nake jin kunyar faɗa maka, domin na fito da takalmin zuwa ofis da gorar ruwa guda ɗaya ƙarama, ina ganin ai wanda ya saba hawa Dala da Goron Dutse ba a yi masa barazana da tudu. Hanyar tana da kwana 21, an lamba su daga ƙasa zuwa sama ana ragewa, ta yadda na farko da za ka tarar shi ne na 21, kuma a kowane kwana akwai allo ɗauke da sunan wanda ya taɓa cin tsere a dutsen, farawa da Fausto Coppi ɗan Italiya da ya ci a 1952. Kafin mu kai ƙauyen La Garde, inda hawan ya fi tsanani, dunduniyata ta riga ta yi bororo, ruwana ya ƙare, dattijon nan mai shekara saba'in da wani abu kuwa yana gaba yana waiwayena yana murmushi. Wata tsohuwa da ta kafa motar kwananta a gefen hanya kwana uku kafin ranar ita ce ta cika mini gorata, ta kuma ba ni filasta na liƙa.

Mun tsaya a kwana na 8, ƙasa kaɗan da na 7 wanda ake kira kwanan mutanen Holan. Sun mayar da wurin nasu ne saboda a shekarun baya 'yan ƙasarsu sun yi ta cin wannan dutse, kuma duk shekarar da tsere ya biyo nan sai su cika shi da riguna ruwan lemo da kiɗa da rawa. Gaskiya ban so mu matsa can ba, domin shaye-shayen da ake yi ya wuce misali, kuma na ga yadda wasu ke kunna abin hayaƙi a gaban mutanen da ke neman numfashi ruwa a jallo, abin da har yanzu ban ga hikimarsa ba. Na sami gefen wata 'yar ƙorama na yi alwala na yi azahar, sannan muka zauna jira a kan kwalta da aka cika da sunayen mahaya da farin fenti. Wajen awa biyu kafin tseren sai ga jerin motocin talla suna watsa huluna da alewa, manya da yara suna wawa. Ni ma na cafe wani ƙunshi ina murna, da na duba sai na ga naman alade ne, na miƙa wa dattijon, ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Kafin in gaya maka abin da ya wuce ta gabana, bari in warware maka abin da ni ma sai jiya na gane shi sosai. A fili, inda ba tudu, babban abokin gaban mai keke iska ce, kuma wanda ya laɓe a bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, shi ya sa kake ganinsu a dunƙule cikin ayari guda, mai ƙarfi da marar ƙarfi duk tare. A kan dutse kuwa gudu yana raguwa, laɓewar ba ta da amfani sosai, sai nauyin jikin mutum da ƙarfin huhunsa su yi magana. Wannan ne ya sa gwanayen hawa sirara ne kamar sillen kara, kuma keken da suke hawa doka ta hana ya gaza kilo 6.8, don kada a yi ta rage masa nauyi har ya zama haɗari. Saboda haka a kan dutse ake sanin wanda zai ci gasar. Shekaranjiya ma a zangon da ya ƙare a hawan Granon haka ta faru, inda ƙungiyar Jumbo-Visma ta yi wa Tadej Pogačar ɗan Sulobeniya, wanda ya ci gasar a 2020 da 2021, taron dangi. Primož Roglič ya kai hari, Pogačar ya bi, Jonas Vingegaard ya kai nasa, ya sake bi, suka yi ta yi masa haka har ƙarfinsa ya ƙare a hawan ƙarshe, ya yi asarar kusan minti uku, rigar nan ruwan ɗorawa ta jagoran gasa ta koma wuyan Vingegaard ɗan Denmak.

Alamar farko ita ce ƙarar jirage masu saukar ungulu daga cikin kwari, sannan ihu ya fara tasowa daga ƙasa yana hawa kwana-kwana kamar wutar daji. Babura suka keta jama'a, sai ga wani ɗan ƙaramin yaro shi kaɗai, bakinsa a buɗe, yana ratsa mutane ta wata 'yar hanya da ba ta fi faɗin ƙofar zaure ba. Shi ne Tom Pidcock na Birtaniya, mai shekara 22, wanda ya ci zinare a tseren keken duwatsu a wasannin Olamfik na Tokiyo. Tun da rana muka kalle shi a wayar dattijon yana gangarowa daga Galibier da gudun da ya kusa kilomita 100 a awa, yana kwanciya a kwana yana wuce manyansa kamar an kafa su, ga rami a gefe, ba abin da ke tsakaninsa da kwalta sai 'yar riga da hular kwano. Ni dai rufe ido na yi ta yi. Da wannan gangara ya kamo waɗanda suka balle tun farko, a kan Alpe d'Huez kuma ya kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin wannan dutse.

A bayansa akwai Louis Meintjes na Afirka ta Kudu, wanda ya ƙare na biyu da tazarar daƙiƙa 48, kuma na yi masa ihu har muryata ta dishe, don ko ba komai daga nahiyarmu ya fito. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na uku, Chris Froome, haifaffen Nairobi, wanda ya ci wannan gasa sau huɗu tsakanin 2013 da 2017. A watan Yunin 2019 ya yi karo da bango yana atisaye, ya karye a cinya da gwiwar hannu da haƙarƙari, kuma tun daga lokacin ba a sake ganinsa a gaba ba, har mutane suna cewa ya kamata ya ajiye keke ya huta da mutuncinsa. Ya wuce ni da tazarar da zan iya taɓa kafaɗarsa, kansa a sunkuye, gwiwoyin hannunsa a waje kamar yadda ya saba, gishirin gumi ya yi fari a rigarsa, yana da shekara 37 yana bin yaron da ya girme wa da sama da shekara 14. Ya san ba zai kamo shi ba, mu ma mun sani, amma ban ga alamar ya sassauta ba ko da bugun feda ɗaya.

'Yan mintoci bayan haka manyan gasar suka iso, kuma a nan na ga aikin waɗanda Faransawa ke kira da kalmar da ke nufin barori. Vingegaard yana tafe cikin rigarsa ruwan ɗorawa, abokin aikinsa yana gabansa yana ja, Pogačar cikin farar riga yana manne da tayarsa ta baya. Waɗannan barori su ne ke komawa wajen motar ƙungiya su cuso gorunan ruwa a riga su kawo wa maigidansu, su tare masa iska, su ba shi kekensu idan nasa ya yi faci, kuma idan ƙarfinsu ya ƙare sai su kauce gefe su ƙarasa a hankali ba mai ambaton sunansu. Can sama da mu Pogačar ya yi ta kai hari, Vingegaard bai bar shi ya yi nisan taku ɗaya ba, suka ƙarasa tare da Geraint Thomas na Birtaniya, tazarar minti 2 da daƙiƙa 22 da ke tsakanin Vingegaard da Pogačar ta zauna yadda take. Ka ga ke nan wanda ya ci ranar daban, wanda ke jan gasar daban, kuma kowannensu ya kwana da farin ciki.

Jama'a suka fara naɗe tutoci, ni ma na miƙe, sai dattijon ya riƙe hannuna ya ce in dakata, saura waɗanda shi ya zo dominsu. Fiye da rabin awa bayan wucewar Pidcock sai ga wani gungu yana tafe a hankali, ƙarti masu faɗin ƙirji da kaurin cinya, gwanayen gudun fili waɗanda dutse yake zame musu azaba. Su ba da kowa suke tsere ba sai da agogo, domin akwai wa'adin da ake lissafawa daga lokacin wanda ya zo na ɗaya, kuma duk wanda ya wuce shi an sallame shi daga gasar baki ɗaya, ko da ya ci zango a makon da ya gabata. Don haka suke haɗuwa, 'yan ƙungiyoyi daban-daban da ke hamayya da juna a sauran ranaku, su raba ruwa da abinci, wani tsohon hannu a cikinsu yana lissafin mintocin da suka rage. A bayansu kuma akwai motar da ake kira motar tsintsiya, mai kwashe duk wanda ya sare. Na ga wani daga cikinsu ya ɗaga kai ya dubi allon kwana na 8, leɓensa yana motsi kamar mai ƙirga abin da ya saura, sannan ya karɓi gorar ruwa daga hannun wani yaro ya juye ta a ƙeya. Fuskarsa irin ta mai dakon da ya ɗauko buhun da ya fi ƙarfinsa ce, ya hango rumfar da zai sauke amma ƙafa ta ƙi sauri. Yau da rana kuma suka sake hawa keke daga Bourg d'Oisans zuwa Saint-Étienne, kusan kilomita 200, alhali ni ko masallacin Juma'a da ƙyar na kai ina ɗingishi.

Saukowa ta ɗauke mu har bayan magariba saboda cunkoso, rabin hanya kuma takalmin a hannu na riƙe shi. Mako mai zuwa za su shiga duwatsun Firaniz da ke iyaka da Sifaniya, inda Pogačar zai nemi fansa, kuma ni zuciyata ta fi karkata ga cewa ba zai samu ba, don mutanen Vingegaard sun fi nasa yawa da ƙarfi a kan tudu. Idan ka sami dama ka kalli ko da awa ɗaya ta ƙarshe ta ɗaya daga cikin zangunan, sannan ka rubuto mini ko har yanzu kana kan bakanka. Hular da na samu a wawar motocin talla, fara mai ɗigo-ɗigon ja irin rigar gwanin hawa, na ajiye wa babban ɗanka, zan ba wa mai zuwa gida ya kawo masa.

Ka gaishe mini da su Baba da Hajiya, da maiɗakinka da yara, da duk mutanen majalisa. Ka tambayar mini Baba ko tsohon Raleigh ɗin nan yana nan a zaure.

Wassalam,
naka amini.