Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Sojin Ƙasa: A Ina Jiragen Za Su Sauka?

Assalamu alaikum, Yallaɓai. Allah Ya taya ka riƙo, Ya jiƙan dakarunmu da suka kwanta dama a fagen daga.

A watan Satumbar 2023 marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, ya sanar cewa gwamnati ta amince a sayo wa sojin ƙasa jirage masu saukar ungulu goma sha biyu ƙirar MD 530F. A watan Yunin 2024 muka ga an karɓi wasu guda biyu daban ƙirar Bell UH-1H a Abuja, aka kuma zaɓi filin jirgin Minna ya zama mazaunin sashen jiragen rundunar. Mun yi murna ƙwarai, domin sojan ƙasa ya daɗe yana jiran sojan sama ya samu sarari kafin a kawo masa ɗauki. Kai ka gaji wannan alƙawari tare da kujerar.

Abin da ya hana ni barci shi ne wurin sauka. Daga Minna zuwa Shinkafi ya haura kilomita 350 ko da a miƙe aka bi ta sama. UH-1H kuwa, jirgi ne da aka fara ƙerawa tun zamanin yaƙin Biyetnam, cikin tankinsa ba ya wuce tafiyar kusan kilomita 500. Ka yi lissafin da kanka, ranka ya daɗe: zai je, amma ba zai dawo ba sai ya sha mai a hanya. A ina zai sha? Idan ya ɗauko wanda harsashi ya samu, wa zai tarbe shi?

Dubi Ɗansadau. Tazarar kusan kilomita 100 ce daga Gusau, kuma ka fi ni sanin halin hanyar. A watan Disambar 2024 abubuwan fashewa sun tashi da motoci a kanta. Sojan da aka harba a wancan daji, a bayan mota za a kwantar da shi, a bi wannan hanyar da shi, jini na zuba, 'yan uwansa na fargabar kwanton ɓauna. Mace mai naƙuda da manomin da 'yan bindiga suka sara su ma haka. Wallahi da yawa ba raunin ne ke kashe su ba, nisan hanya ne.

Amurka ta taɓa fuskantar wannan a Afganistan. A 2009 sakataren tsaronta Robert Gates ya ba da umarni a riƙa kai duk sojan da ya ji mummunan rauni gaban likitan tiyata cikin awa ɗaya. Sun ƙara jirage, sun kuma matso da su da likitocin kusa da inda ake gwabzawa, mace-mace suka ragu. Ba mu da kuɗinsu, na sani. Amma dandalin saukar jirgi mai saukar ungulu ba filin jirgin Kano ba ne. Fili ne da aka share aka zuba masa kankare, da fitilun dare, da tankin mai a killace, da rediyo, da ɗan ɗakin shan magani a gefe. Injiniyoyin rundunarka suna gina gadoji da tituna, wannan bai fi ƙarfinsu ba.

Don girman Allah, Yallaɓai, ka sa a yi irin waɗannan a sansanonin da ke ƙarƙashin Runduna ta 8 ta Sakkwato da Birget ta 1 ta Gusau da ta 17 ta Katsina: Ɗansadau, Zurmi, Sabon Birni, Faskari. A girke jirgi da matuƙansa a Gusau dare da rana. Kada a bar su a rumfar Minna sai ranar da manyan baƙi suka zo.

Akwai batun kayan gyara da horar da makanikai, akwai kuma na Tudun Biri, inda jirgin rundunarka mara matuƙi ya hallaka masu Mauludi a Disambar 2023. Waɗannan sai wata wasiƙar.

Yanzu dai ka fito ka gaya wa jama'a: jirage nawa ne cikin sha biyun nan suka iso, nawa ke tashi, kuma sansani nawa ne a Arewa maso Yamma jirgi zai iya sauka cikinsa da tsakar dare ya ɗauki mai rauni? Iyayen sojojin nan da matansu suna da haƙƙin jin amsa.

Wassalam.
Ɗan ƙasa daga Zamfara