A Kare Katakon Bangon Banɗaki Daga Danshi

Malam Edita,

Ina neman fili a jaridarku mai albarka domin jan hankalin kafintoci da masu gidaje kan katakon da ake lulluɓe bangon banɗaki da shi, wanda sau da yawa ba ya daɗewa sai ya kumbura, ya kantare, fumfuna ta yi masa baƙi-baƙi ta ƙasa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne shafa fenti a fuskar da ido ke gani kawai. Tururin ruwan zafi yana ratsawa ta baya, kuma wurin da zarto ya yanka shi ne ya fi ko'ina tsotse ruwa, saboda nan ne jijiyoyin itacen suke a buɗe. Don haka wajibi ne a shafe kowane filanki da man da ke hana ruwa shiga, gaba da baya da gefuna, a bari ya bushe sarai kafin a kafa shi. Idan danshin cikin katako ya wuce kashi 20 cikin ɗari ya kuma daɗe a haka, ruɓewa ba ta da nisa.

Haka kuma, kada a manna shi kai tsaye a jikin siminti; a sa siraran sanduna a tsakani domin iska ta riƙa zagayawa, a ɗaga shi kaɗan daga daɓe, a yi amfani da ƙusar da ba ta tsatsa. Bayan wanka a buɗe taga ko a kunna fankar da ke zuƙe tururi.

Wurin da ruwan shawa ke duka kullum kuwa, a ganina tayil ne kaɗai ya dace da shi.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum