Daga unguwar Aboabo a Kumasi, kan maganar nafkin

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Landan? Saƙo ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Amma wallahi ka ba mu dariya. Na ce ka aiko wa jaririya nafkin, sai ga kwali cike da takardun goge baki! Goggo ta ɗaga guda ɗaya tana hango rana ta cikinta, ta ce, "Wannan ce za ta tare fitsari? Yaron nan Turai ta cinye shi."

Ka manta kasuwar Kejetia ke nan. A can in ka ce nafkin, farin ƙyallen nan mai kaurin tawul za a miƙo maka, har da fil. Malamin Turancin layinmu, wanda ba ya barin zance ya wuce shi, ya ce duk kuna da gaskiya. Tushen kalmar Latin ne, mappa, wato ƙyalle. Faransawa suka mai da ita nappe, shimfiɗar tebur, Ingilishi suka liƙa mata "kin" a wutsiya, ma'ana ƙarama. Daga baya suka gutsuro nappy suka bar wa jarirai, mu kuwa muka riƙe tsohuwar. Diaper ɗin Amurkawa ma, da can sunan wani farin yadi ne mai zane a saƙarsa. Shayinsa ya huce yana bayani.

Goggo dai ta ce ita kunzugu ta sani, da shi ta raine mu, har da kai da ka fi kowa jiƙa mata zane.

Rigimar gidan ke nan yanzu. Maijego famfas take so, Goggo ta ce zafi yake sa wa yarinya, ni kuma aljihuna ne ke kuka. Ka san Pampers sunan kaya ne kawai, na Procter & Gamble, tun 1961, amma yanzu kowane iri famfas ne, yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Mun sasanta: ƙyalle da rana, famfas da dare da ranar awo. Igiyar shanya ta cika fal, ko wurin rataya rigata babu.

Af, telanmu na Asawase ya ƙara aure, kuma har yau bai gama kaftanin sallarka ba. Wai tumbinka yake jira ya daina girma.

Takardun naka kuwa ranar suna suka ƙare, wajen cin waakye, shinkafa da waken nan namu. Ka gai da madam. Yaushe za ka zo?

Naka,
Baban jaririya